Hancin Mai Cika Tukunyar Gas

Shekara ashirin da biyu Baba Hanci yana cika tukwanen gas a shago ɗaya, kuma ba a banza ya samu sunan ba. In ya cika tukunya, sai ya sunkuya ya kai hanci bakinta, ya ja numfashi sau biyu. In ya ce "ɗauki," ka ɗauka ka tafi hankali kwance. In ya yamutsa fuska, to robar bakin ta mutu, sai an canza. Mai shagon bai taɓa sayen na'urar gano yoyo ba. Ina dalili, ga ta nan tana zuwa da ƙafarta kowace safiya?

Sai ciwon kai ya sa shi a gaba, ido ya fara dishi-dishi. Aka gano ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwarsa. Likitoci ba su tsaga kai ba, ta hanci suka zura siririn bututu mai kyamara suka ciro shi. Sati uku yana numfashi ta baki, maƙogwaro a bushe, an hana shi fyace majina, an hana shi sunkuyawa. Safe da yamma matarsa na haɗa masa ruwan gishiri yana wanke hancin. Sannu a hankali ya buɗe, iska ta koma hanyarta. Amma iskar ce kawai. Matar ta yanka albasa ta kai masa, ta kawo turare, har kananzir, shiru kake ji. Likita ya ce jin wari zai iya dawowa nan da wata shida, zai kuma iya ƙin dawowa.

Ranar da ya koma aiki bai ɓoye komai ba.

"Maigida, hancin nan fa ya daina aiki. A sayi na'ura, ko in riƙa gwadawa da ruwan sabulu."

"Haba Baba, wa ya sani?" in ji mai shagon. "Ka sunkuya ka shaƙa yadda ka saba. Hancinka mutane ke biyowa, ba sabulu ba. Dubi layi, ina lokacin jiran kumfa?"

Ka ji rashin imani! Mutum ya dawo da kyar, maimakon sannu da jiki, an ce ya yi wasan kwaikwayo da rayukan jama'a. Amma Baba Hanci na da bakuna shida da yake ciyarwa a gida, kuma wa zai ɗauki mai shekara hamsin da takwas sabon aiki? Ya sunkuya. Tukunya tara ya shaƙa a safiyar nan, kowacce ya ce "ɗauki," zuciyarsa na tafasa.

Ta goma ta wata tela ce mai goyo.

"Baba, ka shanshana min da kyau," ta ce. "Ɗaki ɗaya muke kwana da ita, ni da yara uku."

Ya sunkuya, ya ja numfashi sau biyu. Babu komai, kamar ya shaƙi bango. Ya miƙe ya dube ta.

"'Yata, ba na jin wari. Tun da aka yi min aiki ba na ji."

Da ƙarfi ya faɗa, duk layin ya ji. Ya kaɗa sabulu a kofi ya zuba a bakin tukunyar. Kumfa ta taso tana kumbura, ta fashe, wata ta biyo, alamar gas na yoyo. Telar ta dafe ƙirji. Baba Hanci ya roƙi duk wanda ya san masu tukwane taran nan ya kira su su dawo.

Kafin azahar mai shagon ya sallame shi, wai ya zubar wa shago mutunci. Shekara ashirin da biyu, ko kujera ba a ba shi ba aka faɗa masa.

Bayan sati guda matarsa tana ninke kaya ta kai rigar aikinsa hanci.

"Ka ga, yau dai ta daina warin gas."

Ya karɓa ya shaƙa sau biyu, yadda ya saba. Sannan ya miƙa mata.

"Tunda kin faɗa," ya ce.