Goron Sunana

Jiya na ji wani likita a rediyo, har na ja tsaki. Wai a ƙwaƙwalwa akwai wani furotin, tau, da kuma RNA mai kai saƙo cikin ƙwayoyinta. A ciwon mantuwar tsofaffi, tau kan lalace ya manne da RNA, su dunƙule. Ni da aka kora daga aji uku ma na gane!

Sai na tuna Goggona, mai rabon goron suna a Zango, wadda ba ta taɓa tsallake gida ba. Da tsufa ya rikita ta, ku mutanen Zango kuka ce mayya ce, kuka riƙa rufe mata ƙofa. Ba ku ji kunya ba?

Wata safiya ta same ni a Magazine, unguwar makanikai, hannuna duk baƙin mai, ta miƙo jan goro mai sanyi cikin ganye.

"Gobe sunan ɗan yayana," in ji ta. Ni ne jaririn da take nufi, ga ni da furfurata.

"Allah ya raya, Goggo. Amma yaron nan ba zai yi karatu ba."

Ta make ni da mafici. "Rufe min baki! Malami zai zama."

Ita kaɗai ta taɓa yi mini wannan zaton.

Allah ya jiƙanta. Mu da tsufa ke bi, Allah ya haɗa mu da masu haƙuri, ba irinku ba.