Awarwaron Kaka da 'Ya'yan Tsamiya

Jiya ina tace tsamiyar kunu, 'ya'yanta suka taru a tafin hannuna, sai na ji ni a ɗakin kakata, a ƙauyenmu na kusa da Konni, shekarun da na fara zuwa lakwal, wato makarantar boko.

Kaka tana da awarwaron zinariya da ta gada wurin mahaifiyarta. Tana da ɗan ma'auni na tagulla mai faranti biyu, da 'ya'yan tsamiya ƙulle a tsumma, waɗanda nauyinsu ya zo daidai da na awarwaron. Duk wadda ta ara don biki, in ta maido, sai Kaka ta ɗora shi gefe ɗaya, 'ya'yan tsamiya a ɗayan. Ni kuwa ina tsugune ina mamakin yadda abin da muke tofarwa yake ba da shaida a kan zinariya.

Wata damina Inna ta ara ta je bikin suna a Malbaza. Da ta dawo aka auna, sai gefen tsamiya ya rinjaya. Kaka ta sake ɗorawa, haka dai. Daga ranar ta daina cin tuwon Inna. Inna kuwa suruka ce, ba ta da bakin kare kanta, sai dai ta daɗe a sujada.

Ranar kasuwa Baba ya kai Kaka wurin maƙerin zinariya a Konni, ni ma na liƙe mata. Maƙerin ya goga awarwaron a wani baƙin dutse, ya ɗiga wa zanen da ya bari a dutsen wani ruwa mai hawa hanci. Zanen bai gushe ba.

"Ba a musanya maki ba, Iya. Da tagulla ce, da ruwan ya cinye ta."

"Tsantsa ce ke nan?" na tsoma baki.

Ya yi dariya. "Tsantsa ita ce karat ashirin da huɗu, yarinya, laushi gare ta, har haƙori na shiga. Wagga an sa mata ɗan jan ƙarfe don ta jure hannu."

"Ni nauyi nika tambaya," in ji Kaka.

Ya juya awarwaron, bai ga wurin da aka kankare ba. Sai ya kwance tsumman, ya shinshina, ya danna ƙwara ɗaya da farce.

"Iya, ɗakinki na yoyo?"

"Mi ya haɗa ka da ɗakina?"

"Zinariya ba ta shan ruwa. Ɗiyan tsamiyarki ne suka sha har suka kumbura."

Ya auna da duwatsun miskali da na giram, ya ce Baba ya riƙe adadin a ka.

Da muka koma gida, Kaka ta shanya 'ya'yan tsamiyar a faifai. Da suka bushe, farantan suka tsaya kai ɗaya. Ba ta iya cewa a yafe mata ba. Ta dai kira Inna, ta zura mata awarwaron da hannunta, ta ce, "Zubo mani tuwo, ɗiyata, yunwa nika ji."

Yanzu sikelin masu zinariya lamba yake nunawa, ba ruwansa da damina ko rani, na kuwa gode wa Allah da shi. Amma har yau in na ga abu ya ragu a gidana, mudun da na auna da shi nake fara tuhuma kafin in dubi fuskar kowa.