Ɗigo Ɗaya a Hannun Riga

Bayan na yi ritaya, ɗan ƙanena ya ba ni kujera a shagonsa na talla da ke Kankia. Aikina shi ne duba kowane allo kafin ya fita. A shekarar da nake magana, allunan sun yi ƙaranci har ya fara cigiyar wanda zai sayi injinsa na buga takardu, domin ya rufe shagon ya koma Kano. Matarsa ta riga ta ɗaure kwanuka.

Ana cikin haka sai ga wani mai ɗinkin kushin babur daga Kusada. Ya ƙirƙiro kushin mai soso rufi biyu, amma 'yan acaɓa sun ƙi saye. Ɗan ƙanena ya kawo shawara: matan Fulani ba sa hawa babur da nono saboda gargadar hanya, a ƙafa suke zuwa kasuwa. To, a ɗauko ƙwarya cike da nono daga ƙauyen Boko zuwa Kusada ranar kasuwa, a kan wannan kushin, a gaban idon kowa.

Muka je wajen wata dattijuwa mai sayar da nono. Ta dubi kushin, ta dube ni.

"Ni da ƙafafuna lafiya lau? Ga Malam nan, shi ya riƙe. In ya kai, ni ma in hau."

"Baffa," in ji ɗan ƙanena, "ai da farar rigar nan taka, ko ya zuba ba mai gani."

Wannan magana ce ta sa na yarda, amma bisa sharaɗin ba da farar riga zan hau ba. A makarantar mishan da na yi, wuyan riga ake juyawa a duba, ba gabanta ba. Na koma gida na ɗauko tsohuwar rigata baƙa mai ɗaukar ido, wadda ko ƙwayar gero ta faɗa mata sai an gani.

Ban taɓa zaton zan ji daɗin hawa babur ba. Ga ƙwarya a cinyata, ga nono yana rawa har baki yana komawa, ga 'yan acaɓa sun biyo mu suna oda, manoma sun ajiye fartanya suna ɗaga hannu. Na ji ana dariya kusa da kunnena, ashe ni ne! Na ce wa direban, "Ƙara wuta kaɗan, ɗana." Ya waiwayo ya tabbatar daga bakina ta fito.

A bakin kasuwa muka tsaya. Na duba kaina sarai, sai ga ɗigo ɗaya fari fat a hannun rigata na hagu. Ɗan ƙanena ya zaro hankici.

"Baffa, bari in goge kafin a ɗauki hoto."

"Kada ka kuskura."

Na ɗaga hannun sama na karɓi lasifika, na ce, "Jama'a, ya zuba. Ga shi nan. Daga Boko zuwa Kusada, ɗigo ɗaya!"

Kasuwa ta kaure da shewa. Dattijuwar, wadda ta biyo mu a wani babur don ta tsare ƙwaryarta, ta leƙa ciki ta ce, "Wanga ɗigon ma sai ka biya ni, Malam."

Kafin damina ta ƙare, hoton ya zaga wayoyi har Tafashiya. Nono ya riƙa isowa kasuwa da sanyin safiya, kowane ɗan acaɓa yana rantsuwa kushinsa na ɗigo ɗaya ne. Masu kaya suka cika mana shago da wata buƙata da ban taɓa ji ba: mu nemo musu aibin kayansu mu buga. Mai tukwane har fushi ya yi da na duba ban samu ba.

Da mai sayen injin ya iso daga baya, bai sami wurin zama ba. Matar ɗan ƙanena ta kawo masa fura a ɗaya daga cikin kwanukan da ta kwance, ya sha, ya bar sallahun a yi wa shagonsa allo.