Funfunar Saman Hasumiya

Har yau ban manta da ranar da sakamakon gwajina ya fito a juye ba, kuma ku da kuka kama aiki bana ya kamata ku ji labarin.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji a ofishinmu na gona a Ƙaura Namoda, ina mataki na shida. Funfuna ta addabi dawa a Kurya Madaro da gefen Shinkafi, sai aka tura ni kwas can bakin teku, in koyo yadda ake kama ƙwayoyinta a iska. Malamarmu wata dattijuwa ce, Dakta Ibiso, wadda ta daɗe tana aiki a dajin mangurob, wato itatuwan da ke tsaye cikin laka da ruwan gishiri, saiwoyinsu duk a waje.

Ga yadda aikin yake. Ana shafa wa ɗan gilashi wani mai mai danƙo, a rataya a wuri uku: daidai gwiwa, daidai kai, sai saman hasumiyar katako da ta kai ƙololuwar itatuwan. Bayan awa shida a sauke, a duba da madubin ƙara girma, a ƙirga abin da ya manne. Yawanci gilashin ƙasa ne ke cika da ƙwayoyin funfuna, don nan ruɓaɓɓen ganye yake. Na sama kuwa gishiri ne da baƙin hayaƙin jiragen ruwa, funfuna kaɗan.

Ranar da aka ba ni hasumiya ni kaɗai, nawa ya fito akasin haka. Na sama cike, na ƙasa kusan fes. Mataimakin Dakta, Mista Fubara, bai ko zauna ba ya ce na musanya lambobin gilasan ne, wai mutumin da bai taɓa shiga kwalekwale ba sai makon jiya ba abin mamaki ba ne ya rikice. Ya ce a soke sakamakon, kuma zai sa a rahoton da za a aika wa ofishinmu cewa ban iya aikin ba. Da wannan rahoton kuwa za a duba ƙarin matsayina.

Dakta ta karɓi littafina ta karanta a tsanake, sannan ta dube ni.

"Malam Lawali, ka tabbata ba ka musanya ba?"

"Ranki ya daɗe, tun kafin in hau na rubuta lambobin. Na tabbata."

Washegari da sassafe ta sa aka fito da kwalekwale. Muka taka laka har gwiwa, ita a gaba. Matar da ta haife ni a shekaru ta kama tsani ta hau, ta ƙi yarda in hau a madadinta. Can sama ta kira ni. Ashe wani mataccen reshe ne ya jingino da hasumiyar, tazararsa da gilashin ba ta kai kamu biyu ba, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin da funfuna. Da muka sauko ta tambayi matuƙin kwalekwalen, wani tsohon masunci, yadda ruwa ya kasance jiya. Ya ce teku ne ya yi babbar cika, ruwa ya rufe lakar tun hantsi har la'asar. Gilashin ƙasa ke nan bai sami abin kamawa ba.

Duk da haka ba ta yanke hukunci ba. Kwana uku muna sake gwajin, lokacin da reshen yake nan da kuma bayan an sare shi, sai da lissafi ya zauna. Daga nan ta ƙara layi biyu a takardar aiki: yanayin ruwa, da abin da ke kusa da gilashi. A gaban ɗalibai ta ce wa Mista Fubara, ba tare da ɗaga murya ba:

"Da mun soke sakamakonsa, da takardarmu tana nan da giɓinta."

Shi ma, in faɗi gaskiya, ya zo har masaukina ya ba ni haƙuri.

Wannan ne ya koya mini cewa a aikinmu ba a zargin ma'aikaci daga kan kujera. Bara wata sabuwar ma'aikaciya ta kawo mini sakamako daga Zurmi wanda bai yi kama da komai ba, tana ta ba da haƙuri tun ban ce uffan ba. Na ce ta ajiye haƙurin, ta faɗa mini sunan gonar. Na tayar da babur.