Wuyan Jitar Yallaɓai

Karatun addini ne ya kai ni Alƙahira a farkon shekarun tamanin, amma na tafi da wani ilmi a ɓoye wanda ban rubuta a takardar neman gurbi ba. Tun ina sakandare a Jos na iya kaɗa jitar bes, babbar jitar nan ta lantarki mai tsirkiya huɗu, wadda amonta ya fi sauka a ciki a kan kunne. Mahaifina bai sani ba. Abokan zamana a gidan da muka kama haya a unguwar Hayyu Sabi' su ma ba su sani ba. A wurinsu ni ne gwanin dafa shinkafa da wake, mai gyangyaɗi a darasin nahawu.

Kowace Alhamis bayan azahar sai in ce zan leƙa kasuwar littattafai. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, don ta gefen kasuwar bas yake bi. Inda nake sauka shi ne titin masu kayan kiɗa, a shagon wani tsoho gajere mai tabarau ɗaure da zare. Kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a, ni kuma Ammu, wato baffa. Asalin sana'arsa ƙera udu, molon Larabawa mai ƙaton ciki, amma da makaɗan biki suka koma lantarki shi ma ya bi su. Ranar da na fara shiga na ɗauki wata bes da aka kawo gyara na ɗan taɓa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi jallabiyata da hulata, ya ce, "Shehi mai bes. Na ga komai a duniya, khalas, shi ke nan." Ya aika aka kawo mini shayi.

A wurinsa na koyi yadda ake gane shekarun jita. A lokacin an fara rububin tsofaffin jitocin Amurka na farkon shekarun sittin, na kwaikwayo kuma daga Japan sun cika gari, wasu har sun fi na asalin sheƙi. Ammu ya ce sunan da ke rubuce a kan jita shi ne abu na ƙarshe da mai hankali zai yarda da shi. Da farko sai ka shinshina ta. Tsohon fenti yana da warinsa, yana rawaya, yana tsagewa siriri kamar tafin ƙafar tsohuwa. Sai ka buɗe cikinta ka duba wayoyi: na dā da zare aka naɗe su, na yanzu da roba. A bayan ƴan maɓallan ƙara murya akwai lambobi ƙanana da ke faɗin shekara da makon da aka ƙera su. In har yanzu kana shakka, sai ka kwance ƙusoshi huɗun da ke riƙe da wuya, ka raba shi da jiki, don a gindin wuyan ma'aikacin da ya gama shi yakan rubuta wata da shekara da fensir.

"Mai sayarwa yana ƙarya, ya ibni, ɗana," in ji shi. "Mai saye ya fi shi ƙarya. Katako ne kawai bai iya ba."

A shekarata ta biyu wani babban ma'aikacin ofishin jakadancinmu ya gayyaci ɗalibai cin abincin Sallah a gidansa. Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, Hausarsa ta fi tawa daɗi, kuma mutumin kirki ne, don shi yake tsaya mana in takardun zama sun cije. Yallaɓai muke ce masa, shi kuma kowannenmu Ustaz ne a bakinsa. Aibinsa ɗaya ne, kuma yana rataye a bangon falo: jitar bes mai launin ruwan zuma a tsakiya, baƙi a gefe.

Ba a zuba abinci ba sai da muka sha tarihinta. Ta farkon shekarun sittin ce, tsantsar Amurka, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa canja mata ba. A duk Misira babu irinta sai biyu, ɗayar ma ba a tabbatar ba. Shi da kansa ya daina kaɗa ta don kada gumi ya ci fentin. Madam, matarsa, tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi, bakinta yana motsi tare da nasa, don ta haddace.

Ni kuwa hannuna ya riga hankalina. Na miƙa zan taɓa tsirkiya, sai na ji ɗas a bayan hannu.

"A'a, Ustaz! Wannan ba carbi ba ce."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na yi dariya tare da su, amma a raina na ce za mu gamu. Kuma kafin ya buge hannun nawa idona ya riga ya ga wani abu. Ɗige-ɗigen da ke jere a wuyan jitar, waɗanda ya kamata su zama farare dusu-dusu, suna walƙiya da launi-launi kamar adon ƴan akwatunan da ake sayar wa baƙi a kasuwa. Ɓawon kifin teku ne. Na san kuma shago ɗaya tak inda ake yanka shi ɗan ƙarami haka, a gwangwanin da ke kusa da kofin shayina na kowace Alhamis.

Da aka fara cin tuwo na gyara murya, na sa fuskar ɗalibi mai neman sani.

"Yallaɓai, mu dai a makaranta an koya mana kada mu karɓi labari sai mun san wanda ya kawo shi. A wurin wa ka samo ta?"

"Wani dillali a unguwar Haram, nan Alƙahira."

"Shi kuma daga wa?"

"Wani Ba'amurke ma'aikacin jirgin ruwa."

"Ka ga Ba'amurken?"

"Ya koma ƙasarsu."

"To, shi dillalin an san shi da gaskiya?"

Yallaɓai ya ajiye cokali. Na juya wajen abokaina na ce, cikin tausayi, "Akwai yankewa a sarƙar masu ruwayar." Suka gyaɗa kai gaba ɗaya kamar a gaban malami, ba tare da sun san me ake yanka ba. Madam ta zo ta ƙara mini tsokar kaza biyu.

Da za mu tafi ta tare ni a baranda da kwanon miyar kuka a leda. Ta ce, "Ɗana, shekara uku ba na suya ƙofar kicin a buɗe saboda wancan katako. Hoton aurenmu ya sauke ya rataya shi. In ka san wani abu, kada ka ji tsoro."

Mako biyu Yallaɓai yana daurewa. A na uku ya zo har Hayyu Sabi' da mota, wai ya zo duba lafiyar ɗalibai. Ya ja ni gefe ya ce ba wai yana shakka ba ne, amma yana so ya rufe bakin wasu, ko na ji labarin wani masani? Na yi kamar mai lalube a ƙwaƙwalwa, na ce na taɓa jin ana maganar wani tsoho a titin masu kayan kiɗa.

Ranar Asabar da hantsi muka tafi. Jitar tana kwance a kujerar baya cikin bargo, Madam a gaba, don ta ce tana da sayayya a wajen, ni kuma a matse a gefen bargon da umarnin kada in jingina. Muna shiga shagon na yi wa Ammu sallama irin ta baƙo, ina ƙifta masa ido. Ya dube ni, ya dubi Yallaɓai da kwat ɗinsa, ya ce, "Ahlan, ya Basha," ya share tebur.

Ya fara da hanci. Ya shinshina jikin jitar tun daga ƙasa, ya lumshe ido, ya ce, "Tamam." Ya karkata ta wajen haske ya bi tsagar fenti da farce. Ya kwance murfin cikinta, ga wayoyi naɗe da zare, sun yi baƙi don tsufa. Ya ɗauko madubin ƙara girma ya karanta lambobin bayan maɓallai, ya ƙirga da yatsu, ya ce farkon shekarun sittin ne, babu ko tantama. Ni nake fassara, kuma kowace kalma na fassara sai Yallaɓai ya ƙara faɗi a kujera. Har ya fara kallona yana murmushi.

"Ustaz, yaya sarƙar taka?"

Na fara tunanin ko idona ne ya yaudare ni.

Sai Ammu ya zo kan wuya. Ya shafa shi sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya. Ya sake shafawa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai nemi izini ba ya ɗauki sukuddireba ya hau kwance ƙusoshin nan huɗu, Yallaɓai yana cewa a hankali, a hankali. Wuyan ya fita. Ammu ya juya gindinsa ya duba, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce ta ci ƙarfinsa har ya zauna a kan akwati yana share hawaye. Ya miƙo mini ya ce, "Karanta masa, kai ne mai Larabci."

Rubutun fensir ne kuwa, amma ba da boko ba. Na karanta a bayyane, sannan na fassara da muryar mai karanta wasiyya: "Aikin bawan Allah mai neman gafara. Katakon daga gadon surukata, Allah ya ji ƙanta."

Madam ta fita waje da sauri. Ta tagar shagon ina hango ta dafe da fitilar titi.

Da Ammu ya samu numfashi ya ba mu labari. Wajen shekara takwas da suka wuce, wani makaɗi ya kawo masa jitar nan gida biyu. A wani biki ne a saman bene dangin ango da na amarya suka kaure, wani ya rasa abin duka sai ita. Jikin ya tsira, wuyan ya tafi. A lokacin ba a samun irin katakon a kasuwa, surukarsa kuwa ba ta daɗe da rasuwa ba, ta bar wani tsohon gado na katakon Turai mai tauri kamar ƙarfe. Ya ce matarsa ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. Sunan kamfanin da ke kan jitar kuma maƙwabcinsa mai rubuta allunan shaguna ne ya zana.

"Ni ban sayar wa kowa da sunan Amurka ba, ya Basha. Gyara aka kawo, na gyara. Ma'alish, sai haƙuri. Amma ka faɗa mini tsakaninka da Allah, wuyan ya taɓa lanƙwasa?"

Yallaɓai ya ce bai taɓa ba.

"To ka gani. Ita ma marigayiyar ba ta taɓa lanƙwasa ba."

Na so a tashi a nan, ina kan nasarata. Amma tsohon ya mayar da wuyan, ya ɗaure tsirkiya, ya jona jitar da lasifika, ya miƙo mini ita kai tsaye.

"Yalla, gwada masa. Ai kai ka san hannuna tun ranar da ka gan ta. Basha, wannan shehin naka shekara guda ke nan yana shanye mini shayi kowace Alhamis, kuma ya fi rabin makaɗan titin nan."

Wannan ban fassara ba. Ashe Larabcin Yallaɓai ya kai ya gane shayi, da Alhamis, da shekara guda. Ya juyo a hankali ya dube ni tun daga hula har silifa.

"Kasuwar littattafai," na ce.

"Kaɗa, Ustaz."

Na kaɗa. Na ɗauko wani salon kiɗan rawa da muke yi a Jos, tun ina jin kunya har yatsuna suka manta da ni. Gadon surukar Ammu yana da murya, wallahi. Gwangwanayen kan kanta suka hau rawa, mai shayi ya leƙo, Madam ta dawo tana taka ƙafa a bakin ƙofa. Yallaɓai ya yi ƙoƙarin riƙe fushinsa, amma kansa ya ci amanarsa.

A mota ya yanke mini hukunci. Akwai walimar ƴan ƙasa da za a yi a farfajiyar gidansa ranar bikin ƴancin kai, suna da mai ganga da mai jita ƙarama cikin ma'aikata, ba su da mai bes. Ko in kaɗa, ko ya ba abokan zamana labarin kasuwar littattafai da bakinsa, da ƙarin gishiri. Na ce ai in na kaɗa ma za su gani. Ya ce wannan kuma matsalar masu binciken sarƙa ce.

Ranar walimar da la'asar na tsaya can baya, na ja hula har gira, na laɓe a bayan lasifika. Ɗalibai sun zo cin shinkafa kamar yadda aka saba. A cikinsu akwai babba cikin abokan zamana, wani Bakatsine da ya girme mu duka, wanda ko rediyo aka kunna sai ya tashi ya bar wurin. Na ga lokacin da ya gane ni. Loma tana hanyar bakinsa ta tsaya. Bai tashi ba dai, ya ci gaba da cin abincinsa yana kallon faranti har muka gama.

A bas ɗin komawa ya zauna kusa da ni. Ina ta shirya hujjoji a raina, ina tunanin wace wasiƙa za ta riga wata isa Jos. Muka wuce Abbasiyya, muka shiga Madinat Nasr. Sai da muka kusa sauka ya gyara zaman hularsa, yana kallon taga, ya ce:

"A waƙa ta uku ka yi sauri. Ka bar mai ganga a baya."