Bokitin da na ɓoye a ƙarƙashin gado

Shekarun baya can, lokacin da aka hana 'yan acaɓa shiga cikin garin Abuja, muna zaune a ɗaki ɗaya a Kubwa, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu, ƙaramar tana shan nono. Da babur yake ciyar da mu. Da abin ya tsaya sai ya koma leburanci a wajen wani gini a Lugbe, yau a ɗauke shi, gobe oga ya ce siminti bai iso ba. Gari kuwa sai tashi yake yi, ko'ina bene, kowa da sabuwar waya a kunne. Mu dai tukunyarmu ba ta ji wannan labarin ba.

Maƙwabciyata, wata 'yar Igala mai suyar ƙosai, ita ta lura na daina hura wuta da rana. Ta leƙo ta ce, "Maman yara, kai ba ka dafa abinci? Sa mayafi, mu je." Haka take Hausarta, kowa namiji ne a wajenta.

Ta kai ni wani shago a bayan masallaci. Ashe wasu mata ma'aikatan gwamnati ne suka kama shi, suna tara kayan abinci daga wajen abokan aikinsu da gidajen masu hali na unguwar Maitama, ranar Asabar su raba wa mabuƙata. Ina kan layi ina ta jan mayafi kada wani ɗan garinmu ya gan ni. Hajiyar da ke rabon ba ta tambaye ni komai ba sai yawan yarana. Ta miƙo mini shuɗin bokiti mai murfi, da shinkafa da wake da taliya da ɗan man gyaɗa a ciki. Ta ce, "In ya ƙare ki dawo da bokitin, a sake zuba miki."

To, a nan matsalata ta fara. A gidanmu mahaifiyata ba ta taɓa mayar da kwanon mutane wayam ba. In aka kawo mana tuwo, ko gishiri ne, ko ƙwayar ashana, sai ta jefa a ciki kafin ta aika. Da haka na tashi. Da abincin ya ƙare na wanke bokitin fes, na duba ɗakin nan kaf, ban ga abin da zan saka ba. Sabulun ma guntu ne. Sai na tura shi ƙarƙashin gado, na ce sai maigida ya samu aiki.

Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Maƙwabciyata in ta ƙwanƙwasa sai in ce kaina ke ciwo. Na daina bin hanyar masallacin, ko rijiya zan je sai in zagaya. Babbar yarinyata ta koma wuni da koko, ruwan nonona ya ja baya, jaririyar ta kama ta saki ta yi ta kuka. Maigida ya ce, "Wai ke, bokitin nan aurensa za ki yi? Ki mayar musu mana." Na ce ai ba haka ake yi ba.

Ana nan sai mahaifiyata ta aiko mini da ƙullin kuka da daddawa ta hannun wani direban garinmu. Na zauna ina kallonsu: ga kayan miya, babu garin tuwo. Na raba biyu, na sa rabi a bokitin, na goya yarinya na tafi, ina ta shirya haƙurin da zan bayar.

Hajiya na ganina ta ce, "Baiwar Allah, ina kika shiga? Mun ɗauka kun tashi." Na ce ba ni da abin da zan sako ne, na ji nauyin kawo shi haka. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi yarinyar da ke bayana. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙanwata, nan ba gidan maƙwabta ba ne. Wofinsa muke so. Dubi yadda goyonki ya rame."

Maƙwabciyata kuwa ba ta raga mini ba. Daga cikin layi ta ɗaga murya: "Ka ga wannan mata? Yana jin yunwa, yana yi wa bokiti kunya!" Layi ya kwashe da dariya, har ni.

Da Hajiya ta buɗe murfin, warin daddawa ya cika shagon. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Kai, wannan ta gida ce! Don Allah a ɗan gutsura mini, taliyar nan ta ishe ni." Aka ƙulla mata a leda, wasu biyu ma suka miƙo hannu. Ni kuma aka cika mini bokitina, har da garin masara. Ranar muka ci tuwo da miyar kuka, babbar yarinyata har da neman ƙari.

Daga baya maigida ya samu tuƙin motar wata ma'aikata, muka daina karɓa. Amma ban daina zuwa ba. Duk sanda saƙon gida ya iso, rabi na shagon ne, kuma wasu Asabar ɗin nakan tsaya in taya su awo. Har yau in maƙwabta suka kawo mini abinci ba na iya mayar da kwano wayam, wannan ya riga ya bi jikina. Sai dai in na ga sabuwar fuska a layi tana jan mayafi tana kallon ƙasa, ina miƙa mata bokiti nakan riƙe hannunta in ce, "Ki ji da kyau, 'yar'uwa. Babu komai a ciki za ki dawo da shi. Ko ashana kada ki saka."