Lambobin Ɗalibai Da Na Kwasa Da Sunan Ƙanwata

A lokacin da abin ya faru ina da shagon sayar da wayoyi da kwamfutoci na hannu a Daura. Da dillancin awaki na fara a kasuwar Mai'adua, babu wanda ya ɗora ni, kuma a can na koyi cewa arzikin dillali shi ne yawan mutanen da ya sani. Lambar wayar mutum a wurina haja ce, in na gan ta sai na ɗauka.

Ƙanwata, autarmu, tana aji uku a wata jami'a, ni na riƙe ta tun rasuwar mahaifinmu. Saboda natsuwarta aka sa ta cikin masu taimakawa wajen rajistar sababbin ɗalibai, aka buɗe mata shafin da ke ɗauke da sunayensu da lambobinsu da ɗakunan kwanansu. Ranar da ta zo hutu na hango shafin a kwamfutarta, na ce ta ba ni lambar sirrinta. Ta ce Yaya ya yi haƙuri, ta sa hannu a takardar cewa ba za ta ba kowa ba. Na yi mata tatas. Na tambaye ta ko takarda ce ta goya ta, ko jami'ar ce ke kai ta asibiti in ba ta da lafiya. Ta rubuta mini a bayan wani kwali, kanta a ƙasa.

Bayan ta koma na shiga na kwashe komai. Na riƙa aika wa kowa saƙon talla da sunansa, har ina cewa zan kai kaya ɗaki lamba kaza. Ciniki ya buɗe, ina ta yaba wa kaina.

Sai ga wani falken shanu daga Zango a ƙofar shagona, riƙe da wayar matarsa, wadda ɗaliba ce. Ya tambaye ni a gaban jama'a gidan uban wa na san sunanta da ɗakinta. Na ce talla ce, ya daina yi mini ihu kamar yana cikin garke. Ya ce zan ga garke. Ashe har ya tura ta gidan iyayenta kafin ya zo, yana zarginta da ni. Ita kuwa, don ta wanke kanta, ta kai ƙara jami'a.

Kwamfutocinsu ba sa mantuwa. Suka fito da rana da sa'ar da aka shiga da sunan ƙanwata, da abin da aka kwafa. Na je da shirin sasantawa irin ta kasuwa. Jami'in da ke kula da intanet ɗinsu, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, ko kujera bai nuna mini ba. Na ce ni na yi, a hukunta ni. Ya ce ni ba ɗalibinsu ba ne, bai san ni ba. Wadda ta sa hannu ita ya sani. Na ce ai lambar waya ba sirri ba ce. Ya ce to in ba shi ta matata ya raba wa ɗalibai. Har yau ina jin haushin yaron nan.

An dakatar da ƙanwata shekara guda. Matar falken ta koma gidan mijinta bayan dattawa sun sa baki. Ƙanwata ba ta taɓa yi mini gori ba. Tana durƙusawa ta gaishe ni kamar da, amma da na shigo sai ta kife wayarta.

Na gane abin da aka ba mutum ya riƙe ba nasa ba ne, balle ya zama na yayansa. Ku masu ɗawainiyar ƙanne da 'ya'ya a makarantu, kada ku sa su zaɓa tsakaninku da amanar da suka sa wa hannu. Ku za su zaɓa, kuma su za a kora.